SHARHI: Gyatsar shanu, yunwar rani da alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a Glasgow

A watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Glasgow, Najeriya ta shiga sahun ƙasashe fiye da 100 da suka amince a haɗa hannu a rage iskar metan da duniya ke fitarwa da kashi 30 cikin 100 kafin shekarar 2030, bisa ma'aunin abin da aka fitar a 2020. A wannan taron ne kuma Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ce nan da 2060 Najeriya za ta kai matsayin da gurɓatacciyar iskar da take fitarwa ba za ta wuce wadda take iya shanyewa ba.

Tun daga lokacin, in aka ambaci metan a ofisoshin Abuja, hankali kan koma Neja-Delta ne, wurin bututun gas masu yoyo da wutar da ke ci dare da rana a bakin rijiyoyin mai. Hakan ba laifi ba ne, domin nan ne gyaran ya fi sauƙi da araha, kuma hukumar da ke sa ido kan haƙar mai ta fitar da ƙa'idoji a kan haka tun 2022. Sai dai akwai wata kafa da ba a cika son taɓa ta ba, wato tumbin saniya da na tunkiya da na akuya. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na metan da ayyukan ɗan Adam ke haddasawa daga dabbobin kiwo yake fitowa.

Da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a watan Yuli na 2024, aka kuma damƙa ta ga Idi Mukhtar Maiha, aikin da aka ɗora mata shi ne ƙara nama da madara da rage rikicin manoma da makiyaya. Can gefe guda kuma ga Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, ita kuma aikinta rage gurɓatar iska. A ido, hukumomin biyu sun ba juna baya. To amma in aka leƙa cikin tumbin saniyar Bunaji a watan Maris, za a tarar cuta ɗaya suke nema wa magani.

Daga ina iskar take fitowa?

Saniya da tunkiya da akuya dabbobi ne masu tuƙa. Ciyawar da suka haɗiye tana fara sauka ne a babban tumbi, inda ɗimbin ƙananan halittu da ido ba ya gani ke ruɓar da ita har ta zama abin da jiki zai amfana da shi. Cikin wannan aiki ne wani rukuni na halittun ke samar da metan, dabbar kuma ta amayar da shi ta baki. Mafi yawan iskar ta gyatsa take fita, saɓanin ba'ar da ake yi a shafukan sada zumunta cewa tusar shanu ce ke ɗumama duniya.

Abu biyu suka sa masana suka matsa wa wannan iska lamba. Na farko ƙarfinta: cikin shekara 20, tan ɗaya na metan yana riƙe zafin da ya ninka na tan ɗaya na iskar kabon kusan sau 80. Na biyu gajartar kwananta: shekara 12 ko kusa da haka take yi a sararin sama ta lalace, alhali iskar kabon kan daɗe ɗaruruwan shekaru. Ke nan wanda ya rage metan a bana zai iya ganin amfanin a rayuwarsa.

Akwai abu na uku, wanda shi ya fi shafar mai dabba. Metan makamashi ne, shi ne ma ainihin iskar gas da ake girki da ita a wasu ƙasashe. Duk gyatsar da saniya ta yi, wani yanki ne na ƙarfin abincin da ta ci ya bi iska, kuma masana sun auna asarar tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100. Gwargwadon taurin abinci da ƙarancin amfaninsa, gwargwadon daɗewarsa a tumbi da yawan abin da ke salwanta. Busasshen karan dawa da bambaron shinkafa, waɗanda su ne abincin shanunmu daga Janairu zuwa saukar ruwa, suna can ƙarshen da asarar ta fi yawa.

Maganin da ake tallatawa

A ƙasashen da suka yi nisa a harkar kiwo, an fi karkata ga sinadaran da ake barbaɗawa a abinci. Mafi shahara shi ne Bovaer, na kamfanin DSM-Firmenich, wanda ke daƙile halittun da ke samar da iskar, yana kuma rage ta da kimanin kashi 30 cikin 100 a shanun madara. Barazil ta amince da shi a 2021, Tarayyar Turai a 2022, Amurka a 2024. A Ostireliya kuma an gwada wata jar ciyawar teku da a wasu gwaje-gwajen ta rage iskar da fiye da kashi 80. Niyu Zilan, ƙasar da tumakinta suka ninka mutanenta yawa, ta bi ta hanyar iri: an shafe fiye da shekara 10 ana ware tumakin da bisa halitta ba su cika fitar da iskar ba, ana haɗa su barbara, har aka samu zuriyar da ta fi takwararta ƙarancin metan da kimanin kashi 10, ba tare da nama ko gashi ya ragu ba.

Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma kowanne da sharaɗinsa. Bovaer ba ya daɗewa a tumbi, don haka dole ya kasance cikin kowace loma, kullum, a abincin da inji ya auna ya gauraya. Saniyar da ta tashi daga Zamfara ta bi burtali zuwa kwarin Binuwai tana tsintar abin da ta samu a hanya, wa zai auna mata? Sannan sinadarin bai cika ƙara madara ba. Kuɗi ne mai shanu zai kashe don amfanin sararin sama, shi ya sa ko a Turai sai gwamnati ko kamfanin madara ya biya. Ga kuma batun yarda: da kamfanin Arla ya sanar da gwajinsa a wasu gonaki na Birtaniya a ƙarshen 2024, sai da aka ga mutane suna zubar da madara a bidiyo, duk da tabbacin da hukumar kula da abinci ta ƙasar ta bayar cewa babu illa. Wanda ya san tarihin rigakafin shan inna a Arewa zai iya kintata yadda labarin “maganin Turawa a cikin nono” zai yaɗu a kasuwar ƙauye.

Sai haraji. Danmak ta cimma yarjejeniya a 2024 cewa daga 2030 za ta fara karɓar kuɗi a kan iskar da dabbobin gona ke fitarwa, ita ce ta farko a duniya. A shekarar ce kuma sabuwar gwamnatin Niyu Zilan ta soke irin wannan shiri bayan manoma sun yi ta zanga-zanga. Manomin Danmak yana da rajista, kowace saniyarsa tana da lamba a kunne, yana kuma karɓar tallafi. Mu kuwa muna da tarihin jangali, wanda babban darasin da ya koya wa makiyayi shi ne ya ɓoye adadin garkensa da zarar ya hangi ma'aikacin hukuma. Duk mashawarcin da ya kawo wa minista takardar harajin gyatsa, to ya kawo masa hanyar rasa ɗan abin da ya rage na yarda tsakanin gwamnati da rugage.

Lissafin da ya dace da mu

In aka auna saniya da saniya, tamu ba ta da laifi sosai. A jadawalin da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2006, saniyar tatsa ta Afirka tana fitar da metan da bai kai kilo 50 ba a shekara, ta Arewacin Amurka kuwa fiye da kilo 120. Amma a jadawalin dai, ta Amurka tana ba da madara fiye da kilo 8,000 a shekara, ta Afirka ba ta kai 500 ba. In aka raba, kowace lita ta madararmu tana ɗauke da metan kusan ninki shida na tasu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga. Saniya tana yin ƙiba da damina da kaka, ta zubar da ita da rani, ta sake farawa daga tushe in ruwa ya sauka. Karsanar da a gonar zamani za ta haihu tana da shekara biyu, a garken gargajiya sai ta kai huɗu ko biyar. Bayan ta haihu, sai ta yi kusan shekara biyu kafin ta sake. Maruƙa da dama ba sa kai shekara. Bijimin da ya kamata ya shiga kasuwa da wuri sai ya yi shekaru yana hawa yana sauka. A duk tsawon wannan jira dabbar tana ci, tana tuƙa, tana gyatsa, babu nono babu nama. Yawancin metan ɗin garkenmu na zaman jira ne.

Shi ya sa ƙasar da ake ƙiyasta tana da shanu kimanin miliyan 20, da tumaki da awaki da suka haura miliyan 100 in an haɗa, take sayo garin madara daga waje, har jami'an gwamnati suka sha ambaton dala biliyan 1.5 a shekara.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi wani lissafi a 2013 da ya kamata kowane darakta a sabuwar ma'aikatar ya riƙe. Ta ce za a iya rage gurɓatacciyar iskar da kiwo ke fitarwa da kimanin kashi 30 cikin 100 in masu kiwo suka koyi abin da kashi 10 mafi ƙwarewa a cikinsu ke yi, a yanki ɗaya, a yanayi ɗaya, a tsarin kiwo ɗaya. Ba a ce mai Rahaji ya koma kiwon shanun Holan ba. An ce ya yi abin da maƙwabcinsa da ya fi shi iya kiwo yake yi.

Mene ne maƙwabcin yake yi? Yana tanadin rani. Harawar wake da ta gyaɗa, kowa, dusa, tunkuza, angurya da 'ya'yan gawo duk suna da sinadarin gina jiki da busasshen kara ya rasa, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu kan tayar da halittun tumbi su narka karan da kyau. Cibiyar IITA ta daɗe tana fitar da irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare daga tasharta ta Kano. Akwai dabarar jiƙa bambaro da ruwan takin yuriya, kilo 4 ga kilo 100 na bambaro, a rufe shi mako biyu zuwa uku, ya yi laushi ya ƙara amfani. Aiki ne da ke buƙatar malamin gona a kusa, domin yuriya in ta yi yawa guba ce. Jihohin Kebbi da Jigawa da Neja suna tara tulin bambaron shinkafa kowace kaka, da yawansa kuma wuta ake cinna masa a gona.

Ba yau aka fara wannan tunani ba. A shekarun 1980, masu bincike na cibiyar kiwo ta Afirka, ILCA, sun gwada abin da suka kira rumbun ciyawa tare da Fulani mazauna a yankin Kachiya: a killace 'yan kadada, a shuka ciyawa dangin wake, a riƙa sakin shanu masu ciki da masu shayarwa su ci na 'yan sa'o'i da rani. Dabarar ta yi aiki a jikin dabba. Abin da ya hana ta yaɗuwa shi ne tsadar waya, da gobarar daji, da uwa uba rashin tabbacin mallakar fili. Babu mai shuka ciyawa a ƙasar da za a iya tashinsa daga kanta baɗi. Cibiyar NAPRI da ke Shika har yanzu tana da irin ciyawar da ilimin noma ta, amma batun fili yana nan inda aka bar shi, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a hannun gwamnoni ta sa shi, ba a hannun minista ba.

Bayan abinci sai lafiya. Saniyar da sammore ya kama, ko tsutsar hanta, ko kaska ta addabe ta, tana ci ne don ta rayu kawai. Ciwon huhu na shanu da annobar da ke kashe tumaki da awaki duk suna da rigakafi, kuma cibiyar Vom da ke Filato tana sarrafa shi. Duk maraƙin da ya mutu yana da wata shida, abincin da uwarsa ta ci tsawon wata tara na ciki da iskar da ta fitar sun tafi a banza. Da wuya a samu matakin rage metan da ya fi allurar rigakafi araha, ko da yake ba a taɓa ganin an rubuta ta a babin sauyin yanayi na kasafin kuɗi ba.

Tumaki kuwa, matan Arewa sun riga masana. Ragon da aka ɗaure a turke ana ba shi dusa da harawa na 'yan watanni kafin Babbar Sallah yana kai nauyin da ɗan'uwansa mai yawo a bola zai daɗe bai kai ba. Kwanakinsa kaɗan, namansa mai yawa, saboda haka metan ɗin kowane kilo ya ragu. In ma wata rana za a gwada sinadaran barbaɗawa a Najeriya, a nan ne da wuraren turkar shanu da gonakin madara na gefen birane za su yi ma'ana, tunda hannu ke ba dabbar abinci.

Inda gizo ke saƙa

A nan ne ya kamata a yi hattara da daɗin baki. Saniyar da ta ƙoshi tana fitar da metan a rana fiye da mai yunwa, tunda ta fi ta ci. Abin da ke raguwa shi ne iskar da ke kan kowace lita da kowane kilo. Jimillar da ƙasa ke fitarwa ba za ta sauka ba sai in an samu nono da naman da ake buƙata daga dabbobin da ba su kai na da yawa ba, ko aƙalla garken ya daina ƙaruwa. In abinci ya gyaru, mutuwa ta ragu, kowa kuma ya riƙe duk abin da aka haifa masa, to jimillar hawa za ta yi. Alƙawarin Glasgow kuwa a kan jimilla aka yi shi.

Me zai sa makiyayi ya sayar da tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, ko bijimin da ya gama girma? Masu zama a ofis kan ɗauka son tara dukiya ne ko al'ada. Akwai wannan, amma akwai lissafi. Garke shi ne bankinsa, shi ne inshorarsa, shi ne gadon 'ya'yansa. Wanda ya ajiye kuɗin sa ɗaya a banki a farkon 2023 ya ga yadda darajar naira ta zube, wanda ya bar sansa a garke kuwa farashinsa ya bi kasuwa ya hau. Ga fari, ga cuta, ga ɓarayin daji: mai shanu 100 in ya rasa rabi zai farfaɗo, mai 20 in ya rasa rabi ya tashi daga sana'a. Muddin babu wata ma'ajiya da ta fi saniya aminci, babu wa'azin sauyin yanayi da zai rage garke. Ke nan maganar metan ta wuce teburin likitan dabbobi, ta isa na Babban Banki da hukumar inshorar noma da jami'an tsaro. Kasuwar da ke sayen dabba da sikeli, ta biya ƙarin kuɗi ga matashin sa mai ƙiba, da wurin karɓar madara mai sanyaya da ke biya a kan lokaci, su ne za su sa saniya 30 masu amfani su fi 60 ramammu a idon mai su.

Akwai kuma haɗarin siyasa. A ƙasar da shirin Ruga ya mutu cikin 'yan makonni a 2019 saboda zargi da tsoro, kalmar “rage yawan shanu” za ta iya zama makami a hannun duk mai neman hujjar korar makiyaya, ta kuma zama shaida a wurin makiyayan cewa dama abin da ake nufi da su ke nan. Ya kamata a tuna cewa yawo da dabbobi a busasshen yanki dabara ce ta cin ciyawar da ba ta tsiro wuri ɗaya, a ƙasar da ba ta noma. Killace su ba tare da an tanadi abinci da ruwa ba yunwa kawai zai ƙara, ita ce kuwa tushen matsalar.

Saura batun awo, wanda ya fi shafar masu rubuta rahoto a ma'aikatu. Hanya mafi sauƙi ta lissafa metan ɗin dabbobi, wadda ƙasashen Afirka da dama ke bi, ita ce a ɗauki adadin kawuna a ninka da wani ƙayyadadden adadi na jadawalin duniya. A wannan lissafi, saniyar da aka gyara wa abinci da wadda aka bari da yunwa duk ɗaya ne. Ko da shirin L-PRES, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2022, ya ninka madarar wata jiha, takarda ba za ta nuna an rage komai ba, kuma babu mai ba da kuɗin sauyin yanayi a kan abin da ba a auna ba. Kenya ta haura zuwa mataki na biyu a lissafin shanunta na madara, inda ake duba nauyin dabba da irin abincinta da abin da take bayarwa, tana kuma da cibiyar ILRI a Nairobi mai ɗakunan auna numfashin dabbobi. Mu kuwa ko adadin kawunan da ake ninkawa ƙiyasi ne da aka daɗe ana ɗorawa a kan ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a farkon shekarun 1990. Kafin 2030, aikin da ke gaban Shika da jami'o'in noma shi ne su auna Bunaji da Bokolo da 'Yankasa da Balami a kan abincin da suke ci da damina da wanda suke ci da rani, Ma'aikatar Kiwo kuma ta san ko dabba nawa take magana a kai.